Tayoyi iri uku a hanya ɗaya: kwalta, burji, yashi da taɓo

Motoci uku ne muka tashi tare, kuma ba wai shiri aka yi ba amma sai ya zamana kowace mota da irin tayar da ke ƙafarta. Ni ina cikin fikof ɗina mai ƙofa huɗu, an lafta masa kaya a baya, farantan sola da batura da injin jan ruwa da bututai, za mu kai wani wurin aiki can bayan tsaunuka inda kwalta ba ta kai ba. Yayana yana cikin jif ɗinsa da tayoyin titi, masu laushin nan da ake rubuta wa H/T, irin waɗanda mota ke fitowa da su daga kamfani. Sai ɗan yayarmu, matashi ne mai son harkar mota sosai, shi kuma ya ɗora wa nasa fikof ɗin manyan tayoyin taɓo, M/T, masu haƙora gatso-gatso da za ka iya cusa yatsu biyu a tsakaninsu. Nawa kuwa A/T ne, na tsaka-tsaki, waɗanda aka yi don su bi kwalta su kuma shiga daji.

Bari in fara da yadda na zaɓi nawa kafin tafiyar, don nan ne mutane da yawa ke rikicewa. In ka je wurin masu taya abin da idonka zai fara kamawa shi ne zanen, wacce ta fi haƙora, wacce ta fi cika ido, wacce aka yi wa farin rubutu a gefe. Ni gaskiya ba ta nan na fara ba. Ƙofar direba na buɗe na karanta takardar nan da ke manne a jikin ginshiƙin, wadda kamfani ya rubuta girman taya da yawan iskar da ya kamata a sa mata in mota ba kaya da kuma in tana da lodi. Tawa 265/65R17 ce, girman da za ka gani a ƙafar Hilux da Ranger da Prado da yawa. 265 ɗin faɗin tayar ne a milimita, 65 ɗin kuma tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin, kusan milimita 172 kenan, R na nufin radiyal ce, ƙirar da Michelin ya yi wa rajista tun 1946, 17 kuma girman rim ne a inci. Wannan kowa na dubawa. Abin da ba kowa ke dubawa ba shi ne lambar da ke biyo baya, kuma ita ce ta fi damuna tunda na san abin da zan ɗora wa motar.

Tsofaffin tayoyina 112 ne a jikinsu, kuma 112 na nufin taya ɗaya ba ta ɗaukar sama da kilo 1,120. Mutum zai ce ai da yawa ne, huɗu sun haura tan huɗu, amma lissafin ba haka yake ba don lodi ba ya rabuwa daidai, in ka cika bayan fikof kusan duk nauyin a kan tayoyin baya biyu yake sauka, sannan ga rami, ga zafi, ga tafiya mai nisa. Shi ya sa na nemi wadda aka rubuta LT kafin lambar girman, irin ta ƙananan motocin ɗaukar kaya, na samu LT265/65R17 120/117S. 120 kilo 1,400 ne ga kowace taya, 117 ɗin na motocin da ke haɗa taya bibbiyu a baya ne, ba ruwana da ita, S kuma iyakar gudunta kilomita 180 a awa, wanda ko kusa ba zan je ba. Akwai kuma harafin ƙarfin jiki, C ko D ko E, abin da masu taya ke ce wa fulai 6, fulai 8, fulai 10. Ba wai akwai shimfiɗa goma a ciki da za ka ƙirga ba fa, ma'aunin ƙarfi ne kawai da aka gada daga tayoyin da. Tawa E ce. Na san za ta yi tauri in motar ba kaya, na san ta fi nauyi da 'yan kiloli kuma za ta ƙara shan mai kaɗan, na yarda da hakan saboda gefenta mai kauri ne, kuma a ganina kuɗin A/T a gefen yake, ba a haƙoran da ake kallo ba.

Sunaye kam akwai su da yawa kuma na duba su, BFGoodrich All-Terrain T/A wadda tun 1976 aka fara yinta kuma ita ta buɗe wannan layin na radiyal mai shiga ko'ina, har ta kai ga KO2 da KO3 da ta fito a 2024, ga Toyo Open Country A/T, ga Falken Wildpeak, ga Yokohama Geolandar, ga Cooper Discoverer AT3, ga General Grabber, ga Bridgestone Dueler. Ba zan ce wa kowa ga wadda zai saya ba. Abin da zan ce shi ne suna ɗaya kan zo da jiki biyu, akwai ta LT akwai wadda ba LT ba, zane iri ɗaya a ido amma ƙarfi daban, to a karanta gefe da kyau kafin a biya. Kuma biyar na saya har da safaya, na duba lambar DOT a kowacce, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta, misali 1524 na nufin mako na 15 a 2024, don taya tana tsufa ko a shago take a ajiye.

Da sanyin safiya kafin mu motsa na bi tayoyin da geji, don iska a sanyi ake auna ta, in taya ta yi tafiya ta ɗau zafi lambar na hawa kuma ba a rage ta a lokacin. A jikin tawa an rubuta 80 psi, wato ma'aunin iskar taya, wannan iyaka ce ta in an ɗora mata cikakken nauyin da za ta iya, ba abin da za ka dinga yawo da shi ba ne, amma kuma LT tana son iska fiye da tayar da aka cire in nauyi ɗaya za su ɗauka. Na sa 40 a gaba 48 a baya saboda lodin. Yaya yana tsaye yana kallona ya ce, "Kai dai da aune-aune, taya ai in ta tsaya da ƙafarta shi kenan." Na ce masa, "Yaya, radiyal ba a gane ta da ido, bari in auna naka ma." Muka tarar ɗaya ta baya ta yi ƙasa sosai alhali a ido ba ta nuna komai ba, muka cike ta, kuma irin wannan ƙarancin iskar shi ke sa gefen taya ya yi ta lanƙwasa yana ɗaukar zafi har ta fashe a tsakiyar gudu.

Kwalta ce ta fi yawa a tafiyar, nesa ba kusa ba, kuma a nan jif ɗin Yaya shi ne sarki. Na ɗan shiga motarsa wani yanki na hanyar, shiru kake ji, sitiyari laƙwas, ba ƙugi ba komai. Da na dawo tawa sai na ji bambancin, akwai ɗan ƙugi ƙasa-ƙasa da ke tashi in na wuce 80, kuma duk wani faci da aka yi wa titi sai na ji shi a kujera, amma ba abin da zai hana hira ba ne. Ɗan yayarmu kuwa tun daga nesa kana jin zuwansa, wuuu, kuma da muka tsaya shan mai shi ya fi mu zubawa duk da injinmu kusan ɗaya ne kuma ni na fi shi kaya. Tayoyinsa 285/70R17 ne, tsayinsu ya kai milimita 830 yayin da namu ke wajen 776, kashi 7 cikin ɗari kenan, to in allon gudunsa ya nuna 100 a zahiri yana wajen 107, kilomitan da motar ke ƙirgawa ma sun yi ƙasa da gaskiya, kuma motar ta rage kuzarin tashi don an sauya mata lissafin giya ba tare da an taɓa giyar ba. In ya murɗe sitiyari har ƙarshe kana jin tayar na gogar robar cikin modigad.

Can da rana hadari ya taso aka ɗan zuba ruwa a kan kwaltar, irin ruwan farko da ke tayar da maiƙo a titi. Wata babbar mota ta rage gudu a gabanmu ba zato, duk muka taka burki, ni da Yaya muka tsaya lafiya da tazara, shi kuwa yaron na gan shi ta madubi yana matsowa yana matsowa kafin motar ta kama, Allah ya kiyaye bai taɓa ni ba. Da muka tsaya ya sauko jikinsa a sanyaye ya ce, "Kawu, wallahi na taka da wuri." Na yarda da shi. Na kai shi gaban tayata na nuna masa ƙananan tsagun nan sirara da ke jikin kowane haƙori, su ne ke buɗewa su kama jiƙaƙƙen titi, na Yaya sun ma fi nawa yawa, nasa kuwa manyan ƙulu-ƙulu ne kusan sumul, ga fili tsakaninsu, robar da ke taɓa ƙasa ba ta da yawa, ga nauyin tayar da burki zai tsayar. Wannan abin ya tsaya min a rai, don mai fikof yakan sayi taya yana tunanin ranar da zai shiga taɓo, alhali ranar da za a yi ruwa yana kan kwalta da iyalinsa a mota ta fi waccan zuwa sau da yawa.

Inda kwalta ta ƙare muka sauka kan burji, jar ƙasa mai gargada da tsakuwa, sai na tsayar da mu na ce a rage iska. Na bar tayoyin suka ɗan huce, na saukar da na gaba zuwa 30, na baya 36 tunda akwai nauyi, na sa 4H, wato giyar jan ƙafa huɗu ta tafiya da ɗan gudu, muka rage gudu zuwa wajen 60. Nan take motar ta daina tsalle-tsallen da take yi, bayanta ya daina zamewa a kwana, kuma batura da farantan da ke baya suka samu sauƙin girgiza. Taya mai tauri da iska fal in ta hau kan dutse mai kaifi ba ta da inda za ta ba da kai, sai dutsen ya shige ta, in kuwa ta ɗan yi laushi sai ta lulluɓe shi ta wuce. Amma dai duk wanda ya rage iska dole ya rage gudu, wannan ba a raba su.

Yaya ya rage kaɗan shi ma, sai dai hankalina bai kwanta ba don na san gefen tayoyinsa siriri ne, in aka rage da yawa sai ya kumburo waje ya zama shi ne abin da dutse zai fara samu. Hawan tsaunin shi ne ya fi ko'ina muni. Ruwa ya wanke ƙasar ya bar duwatsu tsirara, wasu a tsaye da baki mai kaifi, hanyar kuma ƙunci gare ta, dama kwazazzabo hagu bango. Na sa 4L, giyar jan ƙafa huɗu mai ƙarfi ta tafiyar sannu, na bi a hankali, ina ɗora tsakiyar tayar a kan dutsen da gangan maimakon in kauce masa ya goge min gefe, don saman taya inda zanen yake akwai waya a ƙarƙashinsa, gefe kuwa zare ne da roba kawai. Sau da dama na ji dutse ya karci gefen tawa, ƙiii, da na duba daga baya sai farin tabo kawai a kan robar da aka ƙara mata a kafaɗa. Muna dab da gama hawan ne na ji hon a bayana. Tayar bayan Yaya ta dama ta kwanta, dutse ya tsaga mata gefe tsawon yatsa.

Ina da kayan faci, irin igiyar robar nan mai danƙo da ake cusawa da allura, ina da kwamfuresa mai aiki da batirin mota, amma wannan ba su da amfani a nan, don ramin ƙusa a saman taya suke toshewa, tsagar gefe ba ta faci, ko an liƙe ta ba abin da za ka amince masa da rai ba ne. Muka danne ƙafafun motar da duwatsu, muka sa jak a kan katako, muka sauko da safayarsa. Ba a taɓa taka ta ba, zanenta cif, amma da na goge ƙurar na karanta DOT sai na ga ta haura shekara goma, gefenta duk ƙananan tsagu na bushewa. Kamfanonin taya da kansu suna cewa in ta kai goma a sauke ta ko da kuwa tana da kyan gani. Na ce, "Yaya, wannan ba za ta kai mu ba a kan duwatsun nan." Ya yi shiru yana kallonta ya ce, "To ya za mu yi?" Sa'ar da muka ci girmanmu ɗaya ne, rim ɗinmu ma noti shida ne masu tazara ɗaya, sai na ba shi tawa safayar, tsohuwar tasa muka ajiye ta don ko ta kwana. Motarsa irin mai jan ƙafa huɗu ce koyaushe, kuma irinta ba ta son taya ɗaya ta bambanta da sauran a tsayi don yana wahalar da giyar tsakiya, sabuwar tawa ta ɗan fi nasa tsayi saboda zurfin zane, amma a kan ƙasa mai ba da kai da tafiya a hankali mun ga za ta kai. A nan ne yaron ya leƙa ƙarƙashin motarsa ya yi tsit, ashe safayarsa ƙaramar asali ce, babbar ba ta shiga wurin ba sai ya bar ta haka, da shi abin ya samu da tayar da zai sa ta gaza sauran da sama da santimita biyar.

Bayan tsaunin sai hanya ta gangara cikin wani busasshen kogi mai faɗi, yashi ne zalla fari mai laushi, sai ka bi cikinsa na wani nisa kafin ka haura ɗaya gaɓar. Nan muka sake durƙusawa kan bawul. Na kai na gaba 18, na baya 22, kuma in ka tsaya ka kalli tayar tana sauka za ka ga ba faɗi take ƙarawa sosai ba, tsawon inda take taka ƙasa ne ke ƙaruwa, nauyin ya bazu sai motar ta hau saman yashin maimakon ta nutse. Tayar E tana da taurin kai a nan, sai ka rage da yawa kafin ta yarda ta kwanta, na Yaya masu laushi tun a 20 sun baje da kyau. Kuma abin da zai ba mutane mamaki, jif ɗin nan mai tayoyin titi ya ratsa yashin sumul ba ko tangarɗa, don yashi ba haƙora yake so ba, shimfiɗa yake so. Ni ma na wuce, giya ta biyu, mai daidai ba ƙari ba ragi, ba murɗa sitiyari da ƙarfi don taya mai ƙarancin iska tana iya zamewa daga bakin rim.

Yaron bai rage iska yadda ya kamata ba, ya dogara da girman tayoyinsa, ya shigo da ƙarfi, da ya ji motar ta fara nauyi sai ya ƙara mai, haƙoran nan suka shiga tonon yashi kamar garma, kafin ka ce me cikin motar ya zauna a ƙasa. Ba wanda ya yi masa faɗa. Muka ɗauko shebur muka kwashe yashin gaban kowace taya da na ƙarƙashin motar, muka saukar da iskarsa zuwa 16, na ce ya fara ja da baya a hankali kan sawunsa sannan ya taho ba tare da ya bari tayar ta yi juyin banza ba. Ta fito ko igiya ba mu ɗaura ba. Da muka haura gaɓa muka ja kusan rabin awa muna mayar da iska da 'yar kwamfuresar nan tana zafi muna barinta ta huta, kuma ba zan gaji da faɗa ba, wanda zai rage iska ya tabbata yana da abin mayarwa, don hawa hanya mai ƙarfi da 18 da lodi a baya kashe taya ne.

Ragowar hanyar ta bi ta wata fadama, baƙar ƙasa mai danƙo da ruwan ranar ya jiƙa, kuma a nan ne tayoyin yaron suka nuna abin da aka yi su dominsa. Ya shiga ya fita, taɓo na tashi sama ta bayansa, don filin da ke tsakanin haƙoransa yana zubar da lakar da kansa duk juyi ɗaya sai haƙorin ya sake cizon sabuwar ƙasa. Nawa suka yi ƙoƙari, kafaɗun suna kama gefen sawu, amma a inda lakar ta yi kauri zanen ya cike ya zama sumul, sai da na ɗan ƙara mai suka watsar sannan suka kama, na fita da kyar ina karkata sitiyari dama da hagu kaɗan-kaɗan. Na Yaya kuwa tun mita na farko suka zama ƙwallon laka, motar tana juya ƙafa huɗu a wuri ɗaya tana zamewa gefe. Yaron ne ya dawo da baya ya ɗaura masa igiya a ƙugiyar ja ya fitar da shi, yana ta murna yana cewa, "Kawu, ka ga amfaninsu ko?" Na ce na gani ƙwarai, kuma da gaske nake, wanda aikinsa kullum a irin fadamar nan yake, damina da rani, M/T ce tayarsa ba gardama. Sai dai fadamar ba ta fi 'yan ɗaruruwan mita ba a cikin tafiyar da ta ɗauki ɗaruruwan kilomita, sauran hanyar duk biyan kuɗin waɗannan mitocin yake yi da ƙugi da mai da burki.

Tawa ba ta zo ta ɗaya a kwalta ba, ba ta zo ta ɗaya a taɓo ba, a yashi ma ta Yaya ta fi ta saurin kwanciya, amma ita kaɗai ce ba a tsaya dominta ba tun daga farko har muka sauke kaya, kuma ita ce ke ɗauke da nauyi mafi yawa. Abin da nake nema a wurin A/T kenan, ban taɓa sa ran ta fi kowa a ko'ina ba.

Da dare bayan an sauke kaya muka zauna Yaya ya ce shi ma irin nawa zai saya sak. Na ce, "A'a Yaya, A/T dai eh, amma ba lallai E ba." Motarsa mutane take ɗauka da jakunkuna, ba siminti ko batura ba, kuma mafi yawan kwanakinta a cikin gari take, in ya sa fulai 10 zai ji duk wani tudu a ƙugunsa, ga ƙarin nauyi a ƙafa da shakzoba za ta yi ta fama da shi, ba tare da ya taɓa amfani da ƙarfin da ya saya ba. Na ce ya nemi A/T mai zane matsatse a girmansa na asali, ko dai LT mai harafin C in ya samu, ko wadda ba LT ba amma mai ƙarin ƙarfi da ake rubuta wa XL, lambar nauyinta 116 wato kilo 1,250, kar dai ya sauka ƙasa da lambar da kamfanin motar ya sa. Ya tambaye ni alamar nan ta tsauni mai kai uku da ƙanƙara a ciki da ya gani a jikin tawa, na ce wannan shaidar an gwada ta a dusar ƙanƙara ce, tana da amfani ga wanda yake inda ake yinta, in ba haka ba kar ta zama dalilin zaɓinsa.

A dawowa motar ba kaya, da muka hau kwalta na mayar da iska 38 gaba da baya, kuma taurin da na yi tsammani ya fito sosai, bayan fikof ɗin yana ɗan tsalle a kan gargada, abin da na sani tun ranar saye. Muka tsaya na bi zanen da sukudireba ina ciro tsakuwar da ta maƙale, don in aka bar ta tana nutsawa a hankali har ta kai ga waya, na sake ɗaure notocin ƙafar Yaya da muka canza tunda sukan saki bayan an ɗan yi tafiya. Da muka iso na kai motar aka duba alaimen saboda dukan da ta sha a kan duwatsu, na auna zurfin zanen na rubuta, yana nan wajen milimita 12, zan dinga juya su duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 har da safayar a cikin layi don su cinye tare, kuma ba zan jira su kai alamar milimita 1.6 da ke cikin zanen ba, tun suna wajen 4 A/T ta daina kama laka da jiƙaƙƙen titi yadda ya kamata. Yaya ya sayi biyar a girmansa na asali masu lamba 116 ya dawo min da tawa. Yaron ya ce zai ci gaba da nasa har su cinye, amma ya sayo safaya mai girmansu ya ɗaure ta a bayan fikof ɗin, ya kuma sayi geji da kwamfuresa nasa na kansa.